Allin Ministar Wuri

A shekarar 1993 babbar ƙungiyar 'yan tebur ta unguwar Harlem ta sakar wa 'yan Nijar layi guda a titi na 125, su mulki kansu. Suka zaɓi Harouna shugaba, shi kuma ya naɗa Safiatou mai turare ministar wuri. Ita ke riƙe da allin da ake shata wa kowane tebur iyaka. Nata teburin yana bakin tashar jirgin ƙasa, inda ciniki yake.

A kwana na goma sha tara da kafa wannan gwamnati, Harouna ya sauke ta, ya naɗa surukinsa Ismaël.

"Hajiya, kawo allin," in ji Ismaël, yana goge iyakarta da takalmi. "Wurin nan na minista ne."

"Ɗan nan, janye ƙafarka."

Ya kifar da teburinta. Ta rarumi kwalbar turare ta fasa masa a goshi. Layi ya rincaɓe, ƙafafun tebura suka zama kulake, aka karya wa Harouna hannu.

Kafin la'asar babbar ƙungiya ta rushe gwamnatin, ta ba wasu layin. Safiatou na tsugune cikin jini da fasassun kwalabe, allin na damƙe a hannunta, ba ta da inda za ta shata.