Fuskar da Aka Goge Daga Rariya

Babu ƙasar da aka mayar wa masu ita a arewacin Ostireliya ba da taimakon fastar manna wa bango ba. Ni na rubuta wannan jimla a rahoton da na aika birnin Darwin a 1986, kuma ba wanda ya ƙaryata ni, don ba wanda ya karanta.

Wurin da muke buga fasta tsohon ɗakin ajiyar mishan ne: tebur ɗaya, fanka da ba ta juyawa, da rariya uku, wato firam ɗin siliki da ake matsa tawada ta cikinsa. Ni ne shugaba saboda ina da digiri. Loretta ce ke yin aikin saboda ta iya.

Alƙali zai zo sauraron ƙarar ƙasar danginta. Ta zana tafkin da ake rigima a kansa. Na ce a'a, a sa fuskar mahaifinta, wanda zai ba da shaida.

"Tafki ba ya kallon mutum," na ce. "Fuska ce ke kama alƙali."

"Kai da digirinka," in ji Loretta, wadda ke kirana ƙaninta ko da yake ni baƙo ne. "Tsoho ne fa, ƙanena. Tun damina yake tari."

"Shi ya sa za ta yi kyau."

Tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Don 'yarsa ce ya zauna mata a kan bokiti, yana ƙorafi.

"Ke, hancin nan nawa ne ko na kada?"

"Naka ne, Baba. Na ma rage."

Sati uku tana yankan zanen da reza, kowace kala da rariyarta. Muka buga ɗari biyu, muka shanya a igiya. Ranar Talata ya mutu.

A nan in mutum ya mutu ba a kiran sunansa, ba a duban kamanninsa, sai an yi shekaru. Shekarata tara a garin. Na ma taɓa rubuta maƙala a kan haka.

Yayanta Clarrie ya zo da maza biyu, suka kwashe fastocin suna kau da kai, suka ƙona a bayan ɗaki. Na ce a bar ɗaya saboda tarihi.

"Tarihin wa?" in ji Clarrie. "Ka buga na ubanka ka ajiye."

Saura rariyoyin. A cikinsu kaɗai fuskarsa ta rage a duniya. Na ce wa Loretta a naɗe su a bargo, a ɓoye cikin rufi, wata rana za ta so ta gan shi.

"Zan so," ta ce. "Alƙali fa Litinin zai zo. Da me za mu buga wata?"

Jirgin kaya da zai kawo sababbin rariyoyi sai bayan wata guda.

Ta jiƙa tsumma da kananzir. Ni na tafi kanti neman takarda, aikin da ya dace da shugaba. Da na dawo ta gama biyu, tana kan ta uku. Idonta a rufe take gogewa, tana laluben gefen firam ɗin da yatsa, don ita ma bai halatta ta duba ba.