Tsinke a Cikin Safar Arzika

Kafin Maraɗi ta san shi, kafin Kano ta ji sunansa, ni na fara ganin ƙafar Arzika ɗan Nagoggo. Ina dakon gyaɗa a bakin kwastan na Jibiya, buhu a wuyana, ya ɗirka wa ƙwallon goruba ƙafa daga gindin tsamiya, ƙwallon ya tsallake sandar kan iyaka ya faɗa ƙasar Faransi, ya kaɓe hular wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan ɗinsu. Na ce wa mutane wanga ƙafa ba ta noma ba ce. Suka yi mini dariya. Masu dariyar duk suna ƙasa yanzu, sanƙarau ta ɗebi wasu, yunwa ta kwashe saura, ni kuwa ga ni ina tauna goro da haƙorana.

Shekara biyu Arzika ya yi a Maraɗi yana buga wa ƙungiyar wani kamfanin gyaɗa balo, kamar yadda suke ce wa ƙwallo can. Daga nan Kano ta ɗauke shi. Ɗan gaba ne, aikinsa zura ƙwallo a raga, kuma da ƙafarsa tsirara yake yi, tafin nan kamar ƙirgi. Da aka tara 'yan wasan ƙasa a Ikko za a kara da baƙi, har da shi a ciki. Ya ci biyu. A rediyon kwastan muka ji, ranar ko buhu ɗaya ban ƙara ɗauka ba.

Da damina ta zagayo sai ga shi gida ba sanarwa. A Kano ya ce tsohuwarsa ce ba lafiya. Nagoggo kuwa garau take, shi ne ƙafar dama ke yi wa zogi kamar an ɗora garwashi, ga bororo ya taso a idon sawu. Bai tambayi kowa ba. Duk wanda ya sha ruwan tafkinmu ya san kurkunu in ya gan shi.

Ya aika aka kira Manu wanzami, dattijon da ya yi masa kaciya. Manu ya tsoma ƙafar a ƙwaryar ruwan sanyi, ya fasa bororon da bakin aska, suka zauna jira. Can sai ga kan abin ya leƙo, fari fat kamar zaren saƙa. Manu ya kama shi a hankali ya naɗe a jikin tsinke, ya ɗaure tsinken a ƙwauri da tsumma.

"Tsawonsa nawa, Baba Manu?"

"Na taɓa hidda mai kamu biyu daga ƙahwar wani makiyayi."

"To a ja mana."

"Ja shi kai, tunda kai ka ci Ikko. Wanga ba gola ba ne da za ka ruɗa. Gaɓa guda nika naɗewa a rana, in ya ƙiya in ƙyale shi. Ya tsinke a ciki, ƙahwa ta tahi."

Haka suka yi ta yi. Kullum da hantsi Manu ya zo da zabirarsa, a tsoma ƙafa a ruwa, a murza tsinke sau ɗaya, wata rana rabi. Arzika, wanda ba ya iya zaman minti biyar, ya wuni a zaure ƙafa miƙe, yana kallon ƙudaje. Yana jin ƙwanjinsa na saki. Abin da ya fi cin ransa shi ne akwai wani ɗan gaba a Kano da ya daɗe yana jiran gurbinsa.

Ran kwana goma sha tara, ranar kasuwa, motar wasiƙu ta sauke Malam Lawwali, magatakardan ƙungiyarsu, da ƙunshi a hammata. Arzika ya zura dogon wando ya fito ya tarye shi a tsaye.

"Yaya jikin tsohuwa?" in ji Lawwali, idonsa na kan ƙafa.

"Da sauƙi, Malam."

"To madalla. An sake kiran ka. Wannan karon ƙetare za a je, a jirgin ruwa. Amma doka ta canza, ba mai shiga fili ba takalmi." Ya kwance ƙunshin, ga takalman ƙwallo baƙaƙe masu dogon wuya da ƙusoshi a ƙasa, ga safa. "Kuma ba zan ɓoye maka ba, a Kano ana cewa ka gurgunce. An ce in gan ka kana gudu a cikinsu da idona, in taho da kai. In ban gani ba, in koma ni kaɗai. Mota za ta juya bayan la'asar."

Arzika ya karɓa ya shige ɗaki. Manu na nan zaune, bai tafi ba. Arzika ya gwada takalmin dama, wuyansa ya sauka daidai kan tsinken, kamar an auna.

"Hita ka gaya mishi gaskiya," in ji Manu. "Ka nuna mishi. Shi ma ɗan mutane ne."

"In ce masa me? A tsayar da jirgin ruwa sai kurkunu ya ga dama? Ba ni lamba, Baba. Kwana nawa ya rage? In uku ne in roƙe shi uku, in biyar ne biyar. Mutumin takarda ne, lamba yake ji."

Manu ya duƙa yana goge askarsa.

Ga abin da ke ransa a lokacin, kuma ni kaɗai Manu ya faɗa wa, shekaru bayan haka. Tun da safen ranar ya ga zaren ya fara sirancewa, alamar wutsiya ta kusa. Kwana uku, in ya yi yawa huɗu. Amma a gidansu ba a yanka wa kurkunu rana. Ubansa ya gaya masa, kakansa ya gaya wa ubansa, ka ambaci rana ya ji ka, ya noƙe. Manu na ganin in ya buɗe baki shi zai kashe ƙafar.

"Shi ka sanin ranarsa," in ji Manu.

"Shi ke nan," in ji Arzika.

Arzika ya karya tsinken ta gefe biyu ya rage tsawonsa, ya kwantar da shi, ya naɗe da sabon tsumma, ya ja safa a kai. Ya zura ƙafa yana cije leɓe, ya ja igiya ya ɗaure tam. Manu ya tattara askarsa ya rataya zabira.

"Ba da hannuna ba, ɗan Nagoggo."

A filin bayan kwastan aka yi wasan. Samarin Maraɗi da suka zo cin kasuwa gefe guda, malaman kwastan da 'yan gari gefe guda, aka kafa sanduna aka ce raga ke nan. Kasuwa ta watse ta dawo fili. Ni ina gaba, ba wanda ya isa ya tsaya gabana.

Takun farko Arzika ya ji kamar ya taka wuta. Takalmin da nauyi, ƙusoshin suna kama ƙasa, ba ya jin ƙwallo yadda ya saba. Amma da ta zo masa, jiki ya tuna aikinsa. Ta farko da ka ya ci, don ya tanadi ƙafar. Ya saci kallon Lawwali, ya ga mutumin ko motsi bai yi ba. Ba kansa aka zo gani ba.

Ta biyu ya yanke mutum biyu ya saki bugu da ƙafar dama. A daidai bugun ya ji wani abu ya yi tsit a ciki, ɗan ƙarami, kamar zare ya tsinke a masaƙa. Zogin ya ɗauke. Wani sanyi ya bi ƙwaurin. Mutane suna ihu, shi kaɗai ya san abin da ya faru. Ya tsaya ya dubi takalmin, ya dubi bakin fili, bai ga Manu ba.

Tunda an riga an biya, sai ya ƙarasa. Ta uku daga tsakiyar fili ya ɗauko ta, ya bi ta cikinsu kamar ba kowa, ya buga da ƙafar nan dai, sandar raga ta tuge ta faɗi.

Lawwali ya tafa. "Kano ta cika da maƙaryata," in ji shi. "Ɗauko kayanka."

Gaban mota aka ba shi. Bai cire takalmin ba, ya ce yana so ƙafa ta saba. Kafin su shiga Katsina takalmin ya ƙi fita, sai da aka sa wuƙa aka tsaga shi. Ƙwaurin ya yi kamar turmi, yana sheƙi. Duk da haka ya ce a wuce zuwa Kano, kumburin zai sace. Zazzaɓi ne ya yanke gardamar. Lawwali ya kai shi asibitin Katsina ya zauna da shi kwana biyu, sannan ya hau mota shi kaɗai. Likitoci suka yi ta tsaga suna matse mugunya, ran kwana tara suka yanke daga ƙasan gwiwa. Jirgin ruwa ya tashi da ɗaya ɗan gaban.

Da kaka ya dawo Jibiya da sanda a hammata. Ya koyi ɗinkin hula, ya zauna a zaure bayansa na kallon fili. Manu na zuwa duk Juma'a ya yi masa aski, ba mai tayar da maganar. Shekara huɗu ya yi, tari ya ɗauke shi, bai kai talatin ba. Ni na haƙa kabarin, kuma gajere ne ta gefe guda mutumin da muka sa a ciki.

Yanzu yaran da suka yi boko suna cewa wai mutum ba ya gudu da tsinkakken kurkunu a ƙafa, balle ya ci ƙwallo daga tsakiyar fili. Ni ban san biro ba, amma ina wurin. Mai musu ya zo Jibiya ya same ni, ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ni ma in dafa, mu ga wanda zai kai damina.