Ɗakin da Balarabe Ya Tone Mini

Doguwa na tafi suna, 'yar ƙanwata ce ta haihu, na bar ɗakina a tsaye da kwaɗo a ƙofarsa. Ranar da na dawo Bebeji, da ƙullin kayana a ka, ƙafafuna duk sun kumbura da zaman mota, sai na tarar da rami a inda gadona yake. Bangon gabas ya zube ciki, azara ta karye, rufin ya rufta. Tasoshina kuwa an jibge su a gindin darbejiya kamar kayan mahaukaciya, akuya na lasarsu.

Ba ɓarawo ya yi wannan ba. Balarabe ne, ɗan yayana marigayi, wanda na goya a bayan nan nawa lokacin da uwarsa take jinya. Ga shi tsaye bakin ramin, ƙasa har gira, da diga a hannu.

"Gwaggo Furera, sannu da hanya."

"Riƙe sannunka. Ina ɗakina?"

"Ki zauna ki sha ruwa tukuna, Gwaggo."

"A ina zan zauna? Cikin ramin?"

Sai ya sunkuyar da kai. Na bi inda idonsa ya bi, na ga abin da ya haƙo. Manyan tukwane ne, wasu sun fashe, ga kuɗin wuri nan fari fat ya tsiyaye ya yi tudu kamar an sheƙe masara.

Wannan kuɗin wurin na kakanmu Mamman ne, kuma ni ban yi mamakin ganinsa ba. Kakata Saude, matarsa, ta ba ni labarinsa tun ina tallan gyaɗa. Mamman bafatake ne, tun kafin zuwan Nasara. Yakan ɗora wa jakuna kanwa da baƙin zane na marinar garin nan, ya bi ayari zuwa Gwanja, ya dawo da goro. Wata shekara goro ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ya sami riba har ta ruɗa shi. Abokan tafiyarsa suka ƙara jakuna, wasu suka sayi karofin rini, wasu gonaki. Shi kuwa ya ce jaki yana mutuwa, goro yana yin sankara, zane asu na cinsa, amma wuri ba ya ci ba ya sha ba ya ruɓewa. Ya sayar da jakunansa ƙaf, ya mai da komai wuri, ya zauna a kai.

To, ashe ta kudu ana ta kwararo wurin nan ba iyaka. Abin da kake saye da cikin tafi ya koma sai cikin ƙwarya. Aka kai inda in ka ɗora wa jaki wuri zuwa nesa, kafin ka isa, abincin hanya ya cinye kayan. Saude ta ce da shi ya fitar ya sayi ko gero ne. Ya ce darajarsa za ta dawo, a yi haƙuri. Da aka shiga yaƙin basasar Kano sai ya binne shi a ƙarƙashin ɗakin tsakiya, wanda daga baya ya zama nawa. Nasara suka zo da anini da kwabo, maganar wuri ta mutu. Mutumin da yake da jakuna ya ƙare yana yi wa tsoffin yaransa dakon kaya, yana kwana kan dukiyar da ba ta iya saya masa tuwon dare.

Jikoki maza sai suka riƙe rabin labarin, wai Mamman ya binne dukiya. Wani ya ce zinariya, wani ya ce azurfa. Ni kuwa sau nawa na faɗa musu wuri ne? Sai su ce tsohuwa tana ɓoyewa don ita ke kwana a kai.

Shi Balarabe abin da ya tura shi daban ne. Sayen hatsi yake yi a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, yana kaiwa Kano. Bara, da gwamnatin soja ta canja launin kuɗi, ya ƙunshe jarinsa a gwangwani a cikin rufi, don shi bai yarda da banki ba. Yana can cikin daji yana neman dawa mai araha, kafin ya fito ya tsaya layi, wa'adi ya cika. Takardun suna nan har yau, ko ƙuli ba sa saye. Na tausaya masa a lokacin, har akuyata na sayar na ba shi ya ja jari. Ga sakayyar da na samu.

Ban ko sauke ƙullina ba na wuce gidan Mai Unguwa Sabo. Yana zaure da dattawa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. An rushe mini ɗaki ina raye."

Aka kira Balarabe. Ya zo ya tsuguna yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, dukiyar gado ce, ta kakanninmu duka. Na ce in an samu kowa zai amfana, ita ma in gina mata na siminti."

"Ka tambaye ta?" in ji Mai Unguwa.

"Na san ba za ta yarda ba."

"Kun ji ko?" na ce. "Ya san ba zan yarda ba, shi ya sa ya jira na hau mota. A ɗakin nan aka yanke mini cibi. A ɗakin nan uwata ta cika a kan cinyata. Da mijina ya rasu, nan na dawo, ban roƙi kowa makwanci ba. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, a ina ake so in sa haƙarƙarina?"

Wani dattijo ya ce, "Iya Furera, a yi haƙuri, ɗanki ne. A bari bayan kaka, in ya sami hali sai ya gina."

"Malam Idi, kai a ɗaki za ka kwana har kaka ko a gindin darbejiya?"

Mai Unguwa ya yanke cewa Balarabe ya cike ramin ya tayar da ɗakin, kuɗin wurin kuma a sayar a raba wa magada. Amma bai ce yaushe ba. Na san irin wannan hukuncin, ana yinsa ne don tsohuwa ta tashi daga zaure. Na yi godiya na tashi.

Ina isa gida na kwashi tasoshina da tabarmata, na nufi ɗakin Balarabe, mai rufin kwano da daɓen siminti, wanda ya gina lokacin yana ji da kuɗi. Matarsa Barakatu tana bakin ƙofa tana tankaɗe.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ba da ke nake ba. Kwashe abin da za ki kwashe, ni na tare."

Na shimfiɗa tabarmata, na ɗaure akuyoyina a jikin tagarsa. Barakatu ta kalle ni, ta kalli ramin, ta ɗauki goyonta ta koma ɗakin uwar mijinta, ta ce da Balarabe ita ba ta ga laifina ba. Balarabe ya koma kwana a zaure tare da buhunan da babu komai a ciki.

Duk da haka bai saduda ba, yana jiran wurin ya fitar da shi. Ya je Kano ya ɗauko wani mai sayar da kayan gargajiya. Mutumin ya ɗebo ya murza, ya ce ƙasa ta ci shi, ya yi tayi a kan mudu, tayin da bai kai na dusa ba. Balarabe ya ce albarka, darajarsa ta fi haka, zai jira.

Ina jin haka daga taga na ce, "Jira, ɗan Mamman! Kakanka ma haka ya ce."

Ya kai kasuwar Kiru. Matan Fulani suka zaɓi 'yan ƙanana masu haske na adon kitso da ƙwarya, suka bar masa sauran. Abin da ya samu bai biya kuɗin mota ba. Magadan da suka yi ta zarya suna jiran rabo, da suka ji haka, kowa ya ce ya yafe.

Ranar da aka yi yayyafin farko, ruwa ya bi Balarabe har zaure. Da safe sai ga shi bakin ƙofa ya tsuguna.

"Gwaggo, zan fara kwaɓa ƙasa. Wurin nan fa, in mai da shi ramin in rufe?"

"Ka mai da shi, jikanka ya zo ya rushe wa wata tsohuwar ɗaki? Ajiye mini shi nan."

Shi ya yi tubali, shi ya ɗauko ruwa, ya sayar da rediyonsa ya sayi azara ya biya magini. Ina zaune a ƙofar ɗakinsa ina kallo, in bango ya karkace in ce a rushe. Da aka gama rufi na aika wa matan unguwa goron daɓe. Suka zo da madaɓansu. A inda ake zuba tsakuwa na ce a zuba wurin Mamman, daga ƙuryar ɗaki har dokin ƙofa, a yayyafa makuba a buga. Suka yi ta bugu suna waƙa suna dariya, Barakatu ce ma a gaba. Daɓen ya fito fari da ja, duk wanda ya leƙo sai ya taka dukiyar da ƙafarsa.

Na koma ɗakina kafin ruwa ya zauna. Amma gadon ƙasar da uwata ta cika a kai ya tafi cikin ramin, wanda aka gina mini ba shi ba ne, kuma na faɗa wa Balarabe haka a gaban kowa. Kullum da safe yana zuwa gaishe ni, ya cire takalmi ya tsuguna a kan wurin nan. Ina amsawa, amma har yanzu ban ce masa ya shigo ciki ba.