Bashin da Lamine Ya Yafe a Bakin Makara

Ƙanena Lamine tun yana yaro bai iya cewa a'a ba, shi ne abin da ya ci mu.

Wata goma sha huɗu yana tuƙa injin niƙan Alhaji Maman Sani a Tasawa, gari har cikin kunnensa. Kowane ƙarshen wata Alhaji sai ya ce, “Bar albashin wurina, Lamine, ya taru.” Shi kuwa ya yarda, don da kuɗin zai fanso gonar babanmu ta Maijirgi, wadda muka jinginar shekarar ciwon Inna. Mai riƙon ya ce in ruwan shuka ya sauka ba a biya ba, gona ta zama tasa.

Sai Alhaji ya rasu. An jera sahu, makara a gaba, liman ya ce duk mai bin mamaci bashi ya faɗa ko ya yafe. Jama'a suka amsa, “Mun yafe.” Lamine na sahun farko yana kuka, kafaɗa da kafaɗa da Abdul Razak, babban ɗan Alhaji. Bakin Lamine ya bi na mutane.

Bayan sadakar bakwai ya je maganar kuɗinsa. Abdul Razak ya ce, “Ai a kunnena ka yafe.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sayar da akuyata, na ja Lamine a mota har Maradi, biron sufeton ƙwadago, wato ofishinsa. Mutumin kirki ne, ya saurare mu sosai. Ya ce rashin kwantara, wato yarjejeniyar aiki a rubuce, bai hana ba, tunda matan unguwa duk sun san wa ke musu niƙa. Zai kira magada a yi sulhu, in sun ƙi a tafi gaban alƙali. Ya miƙo takarda da bikin rubutu, ya ce Lamine ya sa hannu kawai.

Lamine ya riƙe bikin, ya daɗe. Sannan ya ce, “Yaya Zara'u, in na sa hannu, bashin ya koma wuyan Alhaji ke nan? Yana kabari fa.”

Na ce, “Babanka ma yana kabari, gonarsa ce.”

Ya ajiye bikin a hankali, ya yi wa sufeton godiya. Har muka iso Tasawa kuka nake.

Ruwa ya sauka ran Laraba. Da safe mai riƙon gonar ya aiko neman 'yan ƙwadagon shuka. Lamine ya ɗauki sungumin Baba ya tafi, wai ba wanda ya san inda iyakar gonar take kamarsa.