A Ajin Harlan Ba A Harbin Ƙafa

Duk faɗin gundumar nan mutum ɗaya ne ke koyar da harbin bindiga don kare gida, sai kuma aka yi rashin dace, wan tsohon mijin Misty ne. Ta nemi wani ta rasa. Akwai ɗaya can ƙetaren duwatsu, amma motarta ba ta da lafiyar hawan tudu, tsohon mijin nata Lonnie kuwa ba zai jira ta gyara mota ba. An sako shi daga kurkuku, kuma tun a kotu ya rantse mata cewa in ya fito sai ya zo ya ɗauki 'yarsa, ko ta ƙofa ko ta taga. Alƙali ya hana shi zuwa kusa da gidan, amma Misty ta san wanda ta aura, ba a taɓa hana shi abu ya hanu ba.

Ranar Asabar da hantsi ta ajiye mota a bayan shagon Harlan Tackett, wan Lonnie ɗin, inda aka share fili a gindin tudu aka kakkafa kwalaye masu siffar mutum, daga kai har ƙafa. Ɗalibai kaɗan ne, suna tsaye kowa da kofin kofi a hannu. Harlan na jingine da tebur, ƙato, tsohon soja, ya cusa taba a kunci. Da ya hango ta sai ya tofar a gwangwani.

"A'a! Yau kuma wa nake gani? Madam Caudill ce da kanta?"

Da gangan ya ja sunan mahaifinta, wanda ta koma wa bayan rabuwar auren.

"Na yi rajista kamar kowa, Harlan."

"A nan Mista Tackett nake."

"To, Mista Tackett. Sunan da na yar ne, amma bakina bai manta shi ba."

Wata tsohuwa 'yar cocinsu, Mis Opal, ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta. Harlan ko murmushi bai yi ba. A gidansu Tackett an riga an yanke hukunci: Misty ce ta ɗaure musu yaro, ita ce ta sa mahaifiyarsu ciwon zuciya. Haƙoranta da Lonnie ya zubar a ɗakin girki kuwa, babu wanda ya taɓa tambaya ina suka faɗi. Wannan ne ya fi ci mata rai, fiye da dukan ma.

Aka fara darasi, ya sa ta gaba. Kowa ya yi kuskure sai ya gyara masa a hankali, ita kuwa sai duk filin ya ji.

"Cire yatsa daga kan kunamar bindiga! Wa ya ce ki taɓa? Bakin bindiga ƙasa, Madam Caudill, ba cokali ba ne a hannunki!"

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Da kina jin magana da ba mu zo nan ba."

Ta haɗiye. Ji take kamar ta jefe shi da bindigar a goshi, amma ta tuna 'yarta Kayla da ta bari wajen maƙwabta, ta gyara tsayuwa. Ta toshe kunne, ta riƙe ƙaramar bindigar da hannu biyu yadda ya nuna, ta saki wuta.

Da aka ajiye makamai aka je duba kwalaye, na kowa a warwatse, nata kuwa duk a ƙasa suke, daga gwiwa zuwa cinya. Harlan ya nuna wa aji da yatsa.

"Kun ga wannan? Tsoro ne. Tun kafin bindiga ta tashi hannu ya riga ya zabura, baki ya duƙa. Wasu bakinsu ne kawai da kaifi."

Aka sake, haka. Aka sake, haka dai. Sai ya karɓi bindigarta ya juya baya ya ɗura mata da kansa. Haka yake yi wa duk mai zabura: sai ya cusa harsashin roba, wanda ba ya tashi, a cikin na gaske, ba tare da mai harbi ya san inda yake ba. In aka zo kansa, bindiga ta yi shiru, hannu kuwa ya zabura a banza, kowa ya gani, a yi dariya. Ya miƙa mata, ya kira sauran su matso su kalla. So yake ya kunyata ta, kuma bai ɓoye ba.

Ta harba, ta sake harbawa. Sai kunama ta yi ƙyas, babu ƙara. Hannun Misty ko motsi bai yi ba, yana nan daram, bakin bindiga na kallon gwiwar kwali.

Babu wanda ya yi dariya. Harlan ya dubi hannun, ya dubi kwalin, tabar ta tsaya cak a kuncinsa.

"Ajiye," in ji shi. Ta ajiye. "Ba zabura kike yi ba. Ƙafa kike nema."

"Uban 'yata ne," in ji Misty. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Ba zan tashi yarinya da safe in ce mata na kashe babanta ba. Ka koya mini yadda zan kayar da shi kawai, kafin 'yan sanda su iso."

Kowa a nan ya san Lonnie, wasu ma tare suka yi makaranta. Ɗaya daga cikin mazan ya shiga duban takalminsa.

Mis Opal ce ta yi magana. "Gaya mata abin da kake gaya wa kowa, Harlan. Ba yau na fara zuwa ajin nan ba."

"Mis Opal, don Allah ba ruwanki."

"Na riƙe ka kana cikin zanen goyo, da ruwana."

Misty ta juyo ta fuskance shi. "Ka ce mini in harbi ƙafa, in tafi. Ai abin da kake so ke nan, kai da Mama. Kalma ɗaya ce, kuma zan yarda da kai."

Da gaske take, shi ma ya sani. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya tofar da tabar gaba ɗaya a ƙasa, ya share baki da bayan hannu. Da ya buɗe baki, ba ita ya kalla ba, kwalin yake kallo.

"A ajina ba a harbin ƙafa. Ƙafa siririya ce, kuma gudu take yi. Za ki kuskure, harsashi ya fasa bango, bayan bangon kuwa ɗakin yarinya ne. Ko kin samu ma, wanda aka harba a ƙafa yana ƙarasowa." Ya nuna kwalin da haɓa. "Shi kuwa ƙanen nan nawa, na ga ya karye a daji muna farautar barewa, ya tako da ƙafar har bakin titi yana zagina. Zai ƙaraso. In ya ƙaraso kuma, bindigar ta zama tasa."

"Harlan…" in ji Misty.

"Ɗauki bindigar."

Ta ɗauka. Ya zo ta bayanta, ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin tsintsiyar hannunta, kamar mai taɓa abin ƙazanta, ya ɗaga.

"Ƙirji. Ki yi kira da ƙarfi tukuna, ki ce ya koma. In bai koma ba, nan, har sai ya daina tahowa." Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Kada ki ɗauka na yafe miki."

"Ban roƙe ka ba."

Ta harba. Ramuka suka fito a tsakiyar kwalin, kusa da juna. Ta ƙi jinin kwalin, ta ƙi jinin Harlan da ya koyar da ita daidai. Bai ce ta yi kyau ba, ya wuce wajen na gaba.

Da aka tashi, tana zuwa wajen motarta sai ta ji muryarsa a bayan shago. Ya juya wa filin baya, waya a kunne, ɗaya hannun ya dafa bango.

"Ni ne. A'a, saurara, Lonnie. Na ce ka saurara, ɗan banza! Kada ka je gidan nan. Ko hanyar kada ka bi." Ya saurari amsa, can muryarsa ta karye. "Don na sani ne. Ni na koya mata."