Laimar Lorna

"Saura minti sha tara," in ji alƙalin lokaci ta rediyo.

Lorna ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana durƙushe a kan farin gishirin Bonneville, filin da ake gasar gudun mota, tana naɗe laimar da ke tsayar da motar mijinta, igiya bayan igiya, kamar mai yi wa amarya kitso. Mijin nata, Wendell, ya gama gudun farko, mil ɗari huɗu da sha biyu a awa. Amma dokar wurin ita ce sai ya juyo ya maimaita kafin awa guda ta cika, in ba haka ba gudun ya tashi a banza.

Ya leƙo daga cikin motar, wadda ba komai ba ce illa injin tsohon jirgin yaƙi da aka sa wa taya da kujera.

"Uwargida, laima kike naɗewa ko zanin gado?"

"Tsoho, mutumin da bai taɓa ninke wandonsa ba, shi ne zai koya mini?"

"Lokaci fa yana tafiya!"

"To tafi babu ita mana. Duwatsun can za su tare ka."

Makanikai suka fashe da dariya, amma idonsu na kan agogo.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aikin, kuma kowace shekara sai ta roƙe shi ya bari. Bana dai ya dafa kafaɗarta ya yi alkawari: in ya kafa tarihi, ya gama, zai koma shuka tumatir a bayan gida. Yanzu abin yana hannunta. In ta yi garaje igiya ta harɗe, ta rasa miji. In ta yi nawa, baɗi ma suna nan.

Saura minti huɗu ta cusa laimar a mazauninta, ta buga murfin sau biyu da tafin hannu, kamar kullum.

"Kar ka tsaya kallon 'yan mata a hanya."

Injin ya yi ruri har sai da haƙoranta suka kaɗa. Ta runtse ido, zuciyarta na bin sa a guje, ba ta buɗe ba sai da rediyo ya ɓarke da ihu. Ɗari huɗu da sha biyar. Ya kafa tarihi!

Da ta isa ɗaya ƙarshen filin, ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya, yana shafa ƙarfen kamar mai sallama da doki.

"Shi ke nan, Lorna," ya ce a hankali. "Sai tumatir."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo laimar daga kan gishiri, ta durƙusa, ta fara warware igiyoyin.

"Me kuma kike naɗewa?"

"Kai ko ciyawa ka shuka mutuwa take yi," ta ce. "Riƙe mini nan."