Ƙunshi Biyar na Munirat

Kwandon ya cika har ƙafar wata 'yar tsana ta leƙo ta gefe, amma Raliya ba ta daina ɗauka ba. Azumi na ashirin da huɗu ne, an yi la'asar ba da jimawa ba, shagon kayan wasan yara da ke titin Sultana a Madina ya cushe da iyaye masu busassun leɓɓa, kowa na tura nasa kwandon cikin hanzari kada a sha ruwa yana hanya. Ta ɗauki wata mota mai batir, ta juya ta, ta mayar, ta sake ɗauka.

Wayarta ta yi ƙara. Sa'id ne, mijinta, daga shagonsa na gyaran na'urorin sanyaya ɗaki.

"Kin gama?"

"Saura kaɗan."

"Ummu Hamid, uku-uku fa muka ce." Da sunan ɗansu Hamid yake kiranta.

"Kai ka ce. Ni shiru na yi."

Ya yi 'yar dariya wadda gajiya ta rage wa ƙarfi. "Yanzu nawa ne a hannunki?"

Ta dubi kwandon. "Bakwai-bakwai."

"La ilaha illallahu. Yaran biyu ne ko makaranta muka buɗe?"

Shi ba ya falon bara lokacin da abin ya faru. Duk ƙaramar Sallah, in an sauko daga idi, zuri'ar Hajiya Maiturare, mahaifiyar Raliya, kan hallara a tsohon gidanta na Anbariyya, kowane gida ya jibge wa 'ya'yansa kyaututtuka a tsakar falo, a buɗe, a ɗauki hoto. Bara Khalida, matar ƙanin Raliya Mahmudu, ta zo wa 'yarta Hibatullah da ƙunshi tara. Sundus, 'yar Raliya mai shekara goma, huɗu ta samu. Yarinyar ta ƙirga nata da yatsa, ta ƙirga na Hibatullah, ta fashe da kuka a gaban kowa. Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyin dangi daga Madina har Jidda. Tun ranar Raliya ta ƙudura a ranta ba za a sake ba.

"Sai na dawo," ta ce, ta kashe wayar, ta jefa motar cikin kwandon.

* * *

Washegari da hantsi ta kai wa mahaifiyarta magani. Gidan na nan yadda ta san shi tun tana ƙarama, ƙamshin turaren wuta ya kama bango da labule, duk da cewa Hajiya ta shekara biyar ba ta haɗa na sayarwa ba saboda ciwon gwiwa. Tsohuwar tana barci. Fatna ce ta buɗe ƙofa, hannayenta jiƙe da ruwan wanki.

Fatna matar yayan Raliya ce, Abdulsalam, wanda motar dabino ta kife da shi a hanyar Badr shekara uku da suka wuce. Daga Cadi iyayenta suka zo, kuma duk sun rasu. Ranar zaman makoki mazan gidan sun yi ta rantsuwa cewa 'yarsa Munirat 'yarsu ce, ba za ta san maraici ba. Bayan arba'in kowa ya koma harkarsa. Fatna ta ci gaba da zama a ɗakin saman bene, tana yi wa Hajiya wanka da girki, in Sallah ko biki ya matso ta yi wa matan unguwa lalle.

"Yaya Fatna, ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Shigo, akwai maganar da nake so mu yi kafin Hajiya ta tashi."

Ta ja ta zuwa kicin, ta tura ƙofa. Ta daɗe tana goge hannu a gefen zane kafin ta yi magana.

"Sundus, bana guda nawa za ki ba ta?"

Raliya ta ji kamar an kama ta da abin da ba nata ba. Bakwai ya zo bakinta, ta haɗiye shi. "Biyar," ta ce.

"Biyar." Fatna ta lumshe ido, leɓɓanta na motsi. Sai ta gyaɗa kai. "Biyar zan iya."

Ta miƙa hannu bayan buhun shinkafa ta jawo wani kwali mai faɗi. Kayan zane ne na yara, irin wanda ake jera komai a cikin gida guda. Ta buɗe shi a hankali kamar mai buɗe akwatin zinare.

"Kin ga, fensiran kala ƙunshi ɗaya. Littafin zane, biyu. Fentin da burushinsa, uku. Wannan 'yar rular da abin fiƙe fensir, huɗu. Magogin nan mai kamar fure, biyar. In kina da ƙananan kwalaye da ba kya so, da ragowar takardar naɗi, ki taimaka mini da su. Ita ma ta zauna cikin 'yan'uwanta tana buɗewa, kada ta gama tun kafin su fara."

Raliya ta kasa kallon kwalin. "Haba Yaya Fatna. Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Wallahi yau ɗin nan zan saya mata duk abin da na saya wa Sundus."

"A'a."

"Ai 'yar yayana ce."

"Na sani. Allah ya saka da alheri." Fatna ta rufe kwalin. "Kin tuna ƙaton beyar wasan nan da Khalida ta ba ta bara? Ta sa aka tsayar da ita a tsakiyar falo, aka ɗauki hoto, aka rubuta a ƙasa wai farin cikin marainiya. 'Yan ajinsu sun gani. Da muka hau sama ta ce in ɗora shi a kan kabad, har yau ba ta ce in sauko da shi ba. Shekararta tara, Ummu Hamid, ta san abin da ya fito daga hannun uwarta, ta san wanda ba shi ba."

"Ni ba zan ɗauki hoto ba."

"Ba ke ba ce damuwar. Za ta karɓa, ta ce ta gode, ta yi shiru kwana biyu. Ni kuma shirun nan ne ba na iya ɗauka." Ta yi murmushi don ta sassauta maganar. "Kwalaye kawai. Su nake roƙo."

Daga ɗaki Hajiya ta kira sunanta. Fatna ta tura kwalin bayan buhun, ta fita da sauri.

* * *

Da Raliya ta koma gida yara suna makaranta. Ta zazzage jakunkunan a kan gado, ta zauna a gefe tana kallonsu. Ko biyar ɗin ta bayar kamar yadda ta faɗa, ƙunshi ɗaya na Sundus ya fi duk na Munirat girma. Ta raba kayan gida biyu, ta sake haɗawa, ta sake rabawa. Duk wanda ta cire sai fuskar Sundus ta bara ta faɗo mata. Duk wanda ta mayar sai ta ji muryar Fatna tana cewa biyar za ta iya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, shekara uku tana zama a falon nan ranar Sallah, idonta na kan tulin Hibatullah, ba ta iya tuna ko da abu ɗaya da Munirat ta buɗe ba.

Daga ƙarshe ta ware wa kowane yaro biyu, ta mayar da sauran cikin jaka don ta kai wa mai shago. Sannan ta kira Khalida.

"Ina so bana mu rage. Biyu-biyu, duk yaran gidan."

"Biyu? Lafiya? Ko kasuwar Abu Hamid ce ta yi sanyi?"

"Lafiya ƙalau. Saboda Munirat ne."

Khalida ta yi ajiyar zuciya. "Allah ya jiƙan Yaya Abdulsalam. Wallahi yarinyar nan tana raina kullum. Amma Hiba me ta yi da za a tauye ta? Tun Sha'aban take rubuta abin da take so. Ki bari kawai, ni zan kawo wa Munirat babban abu kamar bara."

"Kada ki kawo. Don Allah kada ki kawo."

"Ikon Allah. A yi alheri a ce kada a yi?"

"Ki dai rage, Khalida."

"To, mu gani."

Sundus ta fi wuya. Raliya ta zaunar da ita bayan an sha ruwa ta yi mata bayani da Hausa, yarinyar tana amsawa da Larabci kamar yadda ta saba, tana tambaya ko laifi ta yi, ko don ta faɗi jarrabawar lissafi ne. Raliya ba ta faɗa mata zancen kwalin ba, don ba sirrinta ba ne. Ta ce kawai biyu sun isa. Sundus ta tashi ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa a hankali, abin da ya fi bugawa ciwo.

Sa'id ya dubi matarsa. "Ni uku na ce, kin zarce ni."

"Ka bar ni," ta ce, ta shiga nemo kwalaye.

* * *

Ranar Sallah gidan Anbariyya ya cika tun kafin rana ta yi zafi. Sababbin takalma sun toshe bakin ƙofa. Maza sun gaida Hajiya sun wuce ɗakin baƙi, mata da yara suka baje a falo. Fatna ba ta je idi ba, ta tsaya suyar waina da haɗa dibyaza, kayan zaƙin nan na busassun 'ya'yan itace da Hajiya ba ta yarda a yi Sallah babu shi.

Khalida ta shigo Mahmudu na biye da ita rungume da kaya har haɓa. Ta matso kusa da Raliya ta raɗa mata, "Na rage fa. Takwas ne."

Aka fara buɗewa. Takardu suka yi ta tashi, ana sowa, ana ɗaga wayoyi. Hamid ya kama motarsa ya manta da kowa. Sundus ta buɗe nata biyu, ta ajiye su a cinya, ta haɗe rai tana kallon kafet. Raliya ta gani, amma ba ta motsa ba.

Munirat tana zaune kusa da ƙafar kakarta cikin koriyar riga da aka saki kalmasarta don ta kai idon sawu. Ƙunshi biyar ne a gabanta, kowanne an naɗe shi tsaf, har da zare. Ba ta yage takarda kamar sauran. Takan ɓare manne a hankali, ta leƙa, ta ɗago kai ta dubi ƙofar kicin inda uwarta ke tsaye da ludayi a hannu, sannan ta buɗe ido sosai ta ce, "Allah! Ummi, shukran!" Haka ta yi wa fensiran, haka ta yi wa littafin, haka ta yi wa fentin. Duk lokacin da ta faɗa, kafaɗun Fatna sai su ɗan sauka.

A na huɗu ne Hibatullah ta leƙo daga bayan tulinta. Ba da mugunta ta faɗa ba, murna ma take yi don ta gane wani abu.

"Ai duk waɗannan na kwali ɗaya ne! Ina da irinsa a gida. Saura magogi mai fure."

Falon bai yi shiru ba, yawancin mutane ba su ma ji ba. Amma Raliya ta ji, ta kuma ga Fatna ta juya ta shige kicin.

Munirat ta dubi Hibatullah. "Na sani," ta ce, ba tare da muryarta ta canja ba. Ta jera kayanta huɗu a kan littafin, ta ɗauki ƙunshi na biyar wanda ba ta buɗe ba, ta tashi.

Raliya ta tattara kofunan shayi don ta sami dalilin bin ta. A bakin kicin ta tsaya.

Fatna ta ba ƙofa baya, tana juya dibyazar da ta riga ta nuna. Munirat ta ja gefen zanenta, ta miƙa mata ƙunshin da hannu biyu. Wannan karon da Hausa ta yi magana, Hausar uwarta.

"Ummi, wannan naki ne. Ke ba wanda ya ba ki komai."

Raliya ta sunkuyar da kai. Kwana shida tana ƙirga na yara, tana ragewa, tana ƙarawa, har rigima ta yi a kai. Ko sau ɗaya sunan Fatna bai shigo lissafin ba.

Fatna ta ajiye ludayin, ta goge hannu, ta durƙusa. Ta kwance zaren da ita da kanta ta ɗaure, ta ɓare takardar, ta fito da ɗan magogin ta ɗora a tafin hannunta mai baƙin lalle.

"Masha Allah," ta ce, tana juya shi. "Wa ya faɗa miki irinsa nake so?"

Daga falo wani ya ɗaga murya yana tambaya ko wainar ba ta yi ba ne har yanzu. Fatna ta ƙulle magogin a bakin mayafinta, ta miƙe, ta ɗauki tire.